Kunne Kafin Yatsa: Yadda Ake Koya wa Yaro Goge

Babu alama ko ɗaya a jikin sandar goge da za ta nuna wa mai koyo inda zai ɗora yatsa. Tsirkiya ɗaya ce tal, ta tsagiyar doki, an ja ta daga kan sanda ta haye ɗan katakon nan da ake kira jaki, ta sauka a gindin ƙoƙon da aka rufe da fatar guza. Yatsun hagu ma ba sa danne ta har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai suke yi tana miƙe a iska. In yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, sauti ya ɓaci, kuma kowa a filin zai ji. To yaya ake ɗaukar yaro ɗan shekara takwas ko goma a koya masa wannan, ba littafi ba allo? Makaɗan ƙasar Hausa sun daɗe da samun amsa: ba da gogen ake fara masa ba.

A ƙauyukan gabashin Kano, irin su Gafasa ta ƙasar Ajingi da garuruwan da ke kewaye da Gaya, yaro ba ya jiran izinin kowa kafin ya soma kiɗa. Da kaka, in an gama girbi kara ya bushe, sai ka ga yara sun samo gwangwanin madara sun soka masa kara, sun ɗaura zaren buhu ko siririyar waya, suna ta goga. Manya korarsu suke yi saboda ƙara. Makaɗin da ya san aikinsa kuwa tsayawa yake ya kasa kunne. Ba daɗi yake nema ba, don gwangwani ba shi da daɗin da zai bayar. So yake ya ga wane ne a cikinsu yake yamutsa fuska in sauti ya kauce, har ya matsar da yatsa da kansa. Wannan yaron yana da kunne.

In yaron ya shiga hannun maigida, ko don ɗansa ne ko don ya bi shi, aikinsa na farko ɗaukar kaya ne da shimfiɗa tabarma a wurin biki. Daga nan sai ƙwarya. Mai goge ba ya kiɗa shi kaɗai: a gefensa akwai masu kiɗan ƙwarya, kowa da tasa a kife a gabansa da 'yan sanduna a hannu, su ne ke riƙe da tafiyar kiɗan. Nan ake zaunar da yaro, a ba shi bugu mafi sauƙi, wanda ba ya canzawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Mai kallo sai ya ɗauka bauta ce kawai. Amma yaron da ya yi shekara yana riƙe da bugu ɗaya, alhali maigida yana yawo da izga, abin goga tsirkiya, sama da ƙasa, ya koyi abin da ba a iya faɗa da baki, wato ya ci gaba da nasa yana jin na wani ba tare da ya ruɗe ba. A lokaci guda kuma yana cikin 'yan amshi. Kafin ya taɓa tsirkiya, waƙoƙin gidan duk suna bakinsa.

Wannan tsari yana da dalili mai ƙarfi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, kuma gwanin goge wannan hawa da saukar yake bi. Shi ya sa za ka ga mutum yana zaune a taro, ba a ambaci sunansa da baki ba, sai ya miƙe ya nufi makaɗi yana laluben aljihu: ya ji takensa a tsirkiya. Yaron da bai riƙe maganar a ka ba, me zai sa gogen ya faɗa? Saboda haka maigida kan rera jimlar da baki, yaro ya maimaita da baki, har ta zauna. Yatsa shi ne na ƙarshe da ake kira.

Kafin yatsan ma akwai gyara. Yaro zai koyi goga ƙaro a jikin izga da tsirkiya, don tsagiya mai santsi ba ta kamawa, shafawa kawai za ta yi ba sauti. Zai koyi cewa da damina fata kan saki saboda laima, sai an shanya ta ko an kara ta kusa da wuta, da bazara kuma takan ɗaure. Zai koyi zaɓen tsagiya a wurin masu dawaki, ya tsefe ta, ya daidaita tsawonta, ya cire wadda ta tsinke ba tare da ya kwance sauran ba. Goge ba shi da tsayayyen sauti da aka yanke masa daga masana'anta. Da muryar mai waƙa ake daidaita shi, a ja ko a sassauta har su haɗu. Ranar da maigida ya miƙa wa yaro goge ya ce, "Ɗaure mini shi," yaro ya ɗaure, maigida ya karɓa ya goga bai sake taɓa ɗaurin ba, ranar ce yaron ya ci jarrabawarsa ta farko, ko da ba wanda ya kira ta jarrabawa.

Sai a ba shi nasa, ƙarami daidai hannunsa. Nan ma ba a sakin hannu biyu lokaci ɗaya. Hannun dama ake fara horarwa: ya ja izga a kan tsirkiya ba yatsa ko ɗaya, ya tafi ya dawo, har sautin ya fito sumul. Wurin juyawar izga, inda tafiya ke komawa dawowa, nan ne ake gane ɗan koyo, don nan sauti ke yankewa. Maigida kan kama wuyan hannun yaron ya ja tare da shi, ya ji inda ya ƙage, ya girgiza shi ya saki. Bayan haka yatsu su shigo ɗaya bayan ɗaya. Yawancin kiɗan a kan sautuka biyar yake tafiya, abin da ya sa farkon koyo ba ya da wuya sosai. Wuyar tana cikin kwalliya, 'yan karkarwar yatsa da zamiya daga wannan sauti zuwa wancan, waɗanda su ne ke bambanta hannun wani da na wani. Bayani kaɗan ne. Maigida ya kaɗa, yaro ya mayar, maigida ya ce, "Sake." Abin da ya fi burge ni a wurin nagari cikinsu shi ne sanin lokacin yin shiru. Yaro ya kuskure, maigida ya ji sarai, amma ya ƙyale shi, don ya ga alamar kunnen yaron ya riga ya kama kuskuren kuma yatsa na kan hanyar gyarawa.

Turawa suna da babban ɗan'uwan goge da suke kira celo. Tsirkiya huɗu gare shi, a zaune ake kaɗa shi an jingina shi tsakanin gwiwoyi, kuma shi ma ba shi da alamar yatsa, har malamai kan manna wa masu koyo siririn tef a wuraren da za su danna. Ana ƙera na yara, rabi ko rubu'in babban. Sheku Kanneh-Mason na Ingila, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, yana ɗan shekara shida ya fara shi, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, ya kuma yi kiɗa a ɗaurin auren Yarima Harry a 2018. A Najeriya, cibiyar MUSON da ke Legas tana koyar da irin waɗannan kayan kiɗa. Hanyar da ta fi suna a duniya wajen koya wa ƙananan yara ita ce ta Shinichi Suzuki, mutumin Japan da ya rayu daga 1898 zuwa 1998. Ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ba tare da an buɗe masa littafi ba, sai ya gina koyarwarsa a garin Matsumoto a kan haka: a fara da saurare, a yi ta maimaitawa, karatun rubutaccen kiɗa ya biyo baya. Mai gogen da bai taɓa jin sunan Suzuki ba, in aka karanta masa wannan, cewa zai yi ai haka ake yi.

Wuri ɗaya suka rabu. A tsarin Suzuki uwa ko uba kan zauna a darasi, su koma gida su taya yaro bita. A nan kuwa wane uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai shi gidan mai goge? Kirarin abin ma "goge kan bidi'a". An san shi da bori, inda kowane iska yake da kiɗansa, an san shi da gidajen rawa na bariki, kuma tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai ke suka a kansa. Ahmadu Doka, da ya yi suna da kukuma, ƙaramar 'yar'uwar goge, daga baya ajiye ta ya yi gaba ɗaya. Duk da haka an yi Garba Liyo na Funtuwa a goge, an yi Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam a kukuma, har wata farfesa Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, ta fitar da littafi a 2008 kan gogen Hausawa da na Fulani da na Dagwamba. Hukuncin kiɗan na malamai ne. Dabarar koyarwar kuwa, a ganina, malamin firamare da ke fama da yara sittin a aji zai ƙaru da ita. Ba kuma cewa ba ta da aibi ba ne: tana da jinkiri, kuma akwai maigidan da ke riƙe yaro a kan ƙwarya fiye da kima don kada ya rasa mai bugu.

Yaye ba ya zuwa rana ɗaya. Da farko akan bar wa yaro farkon dare, kafin fili ya cika, ya kaɗa wa yara da 'yan kallon farko, maigida yana gefe kamar ba ya ji. In ya yi kyau sai a bar masa waƙa ɗaya a tsakiyar biki, daga baya a tura shi ƙaramin biki a wani ƙauye da masu ƙwarya biyu. Kasonsa a rabon kuɗi yana ƙaruwa da kowane mataki, kuma abin da ya samo a can maigida yake kawo wa ya raba, har ranar da aka sallame shi ya tara nasa 'yan amshin.