Ɗan Rakiya a Gaban Ango

Mai karatu, in Allah Ya kai ka Makka, lura da abin da idonka zai fara cafkewa. Tun daga nesa agogo ne. Tsawon benensa mita 601, Ka'aba kuwa ba ta wuce 15 ba. A 2002 aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta Turkawa, aka baje dutsen da take kai, don a samar masa fili.

Kyau kam yana da shi, koren haskensa da dare sai wanda ya gani. Amma duk ginin da ke gefen Harami ɗan rakiya ne, ɗan rakiya kuwa ba ya shiga gaban ango. Wannan ya shiga, har mai ɗawafi kan ɗaga kai yana ɗaukarsa hoto.

To, dubi rigar Ka'aba: baƙin alharini, ayoyi da zaren zinariya, ba hayaniya. Hajji na ƙaratowa a naɗe ƙasanta sama, a sa farin ƙyalle. Muharram na kamawa a sa sabuwa. Garin da bai san damina da kaka ba, a jikin rigar nan yake ganin shekara ta juyo. Adonta jawo idonka yake yi zuwa Ɗakin. Ka gwada agogon da wannan ma'auni, ka faɗa mini.