Littafin da Na Nema Na Rasa

Littattafai biyar gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar, amma nazarinmu ya fi karkata ga Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Na daɗe ina zaton rauni ne ya sa manazarta ke tsallake Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai ranar da na tashi neman sa. A ɗakin karatun garinmu na tarar da kantoci sun yi ƙura, rufi yana yoyo, littafin kuwa ko sama ko ƙasa. Ƙarshenta da taƙaitawar wani na dogara, na yi sharhin abin da idona bai gani ba.

Ɗan kasuwa hajar da ke tafiya yake kasawa, kuma ba a ga laifinsa. Ɗakin karatu kaɗai ke iya riƙe littafin da kasuwa ta juya wa baya, har mai nemansa ya zo, ko da ɗan talaka ne. Duk gwamnatin da ta hana shi kuɗi ta yanke wa irin waɗannan littattafai hukunci tun ba a saurare su ba. Saboda haka ya wajaba kowace jiha ta ware kaso tsayayye a kasafinta domin sayen littattafai da adana tsofaffi.