Katin da ɗan kallo ya fito a ciki

Cikin masu tara katunan 'yan wasan besbol a Amurka akwai wani rukuni da bai damu da inda kuɗi suke ba. Ba ruwansu da katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952, wanda aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 12.6 a 2022. Abin da suke farauta shi ne katin da hotonsa ya nuna ɗan wasa ya jingina da katangar fili, biro a hannu, yara sun miƙo ƙwallo da hula yana rattaba musu hannu. Irin waɗannan katuna sun yawaita ne a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Upper Deck da jerin Stadium Club na Topps, wanda ya fito a 1991, suka sakar wa masu ɗaukar hoto mara. A ganina, masu wannan tari sun fi kowa gane abin da ya cancanci adanawa.

Asalin sa hannun ɗan wasa shaidar haɗuwa ce: yaro ya yi jira a rana, gwaninsa ya tsaya ya kula shi. A 1990 Upper Deck ya cusa katuna 2,500 masu ɗauke da sa hannun Reggie Jackson cikin fakitoci, daga nan sa hannu ya koma haja ta mai rabo ka ɗauka. Yau abin ya kai ana aika wa ɗan wasa shafukan sitika ya zauna a ɗaki ya yi ta sa hannu, kamfani ya manna su daga baya a kan katin da mai sunan bai taɓa gani ba. Tawadar ta gaske ce, amma ba wanda ya haɗu da wani. Katin hoton kuwa ba shi da ko ɗigon tawada, sai dai haɗuwar tana nan a ciki. Kuma kusan shi kaɗai ne katin da ɗan kallo, wanda kuɗinsa ke riƙe da wasan gaba ɗaya, yake samun gurbi, ko da hannunsa kawai aka gani.

Za a ce katunan ba su da daraja, tunda yawancinsu an buga su ne a zamanin da kamfanoni suka cika kasuwa har ta tumbatsa. Gaskiya ne, da yawa ko dala ɗaya ba su kai ba. Amma farashi ƙarancin abu yake aunawa. Katin Honus Wagner na 1909 ya yi tsada ne saboda kaɗan aka fitar. Arahar ma ita ce ta sa yaro mai kuɗin kashewa zai iya shiga wannan tari. Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa tsayawa sa hannu talla ce, kamfani ne kuma ya zaɓi hoton don wanke 'yan wasa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai a tuna yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke gasar World Series, magoya baya suka yi fushi suka juya baya. A 1995, shekarar da ya karya tarihin Lou Gehrig da wasa 2,131 a jere, Cal Ripken Jr. yakan tsaya bayan an tashi wasa yana sa wa dogon layi hannu har dare ya yi nisa. In talla ce, to da lokacinsa da gajiyarsa ya biya ta, mutane kuma sun san bambancin wannan da sitika.

Wurin da ake ɗaukar hotunan ma yana ƙara ƙuntata. Zuwa 2020 duk ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol sun tsawaita ragar kariya tsakanin fili da 'yan kallo, kuma sun kyauta, domin ƙwallo ta sha raunata mutane, har da ƙananan yara. Amma ragar ta rufe babban sashe na gajeriyar katangar nan da ake miƙo hannu ta samanta. Mai neman irin wannan kusanci yanzu ya fi samunsa a atisayen share fage da ake yi a Florida da Arizona a watannin Fabrairu da Maris.