3.4 Bambancin Ladabi da Dacewa a Halayen Taurarin Magana Jari Ce

A wannan kashi za a duba yadda ladabi ya bambanta da dacewa a halayen taurarin ƙagaggun labarai na al'ajabi, wato irin waɗanda tsuntsaye da dabbobi ke magana a cikinsu. An ɗauki misalai daga littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka buga a 1937.

Ladabi a wurin Bahaushe abu ne da ake gani da ido, a ji da kunne. A Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, ana koya wa yaro ya durƙusa in zai gai da babba, ya tuɓe takalmi in zai shiga wurin hakimi, kada kuma ya kira sunan mahaifinsa gatsal. Kirk-Greene (1974) ya sanya ladabi cikin halaye goma na mutumin kirki, amma ya jera shi tare da gaskiya da amana da hankali. Wato shi kaɗai bai isa ba. Dacewa kuwa ita ce mutum ya aikata abin da hali ya nema, a lokacin da ya kamata, ta hanyar da za ta yi amfani.

Idan aka lura, taurari uku ne suka fito da wannan bambanci. Na farko shi ne Wazirin Sarki Abdurrahman. A gaban Sarki ba a rasa shi da faɗuwa da gaisuwa da daɗin baki irin na fada. Amma da Sarki ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, sai ya haɗa kai da abokan gaba domin a fitar da Musa ɗan Sarki daga gida. Ladabinsa ya zama mayafin cin amana ke nan.

Ta biyu ita ce matar aku. Da Musa ya nemi shawararta a kan fita, sai ta hana shi kai tsaye. Maganarta gaskiya ce, niyyarta kuma kyakkyawa, amma ba ta auna zuciyar saurayin da ya saba a bi umurninsa ba. Musa ya kashe ta, bai kuma fasa niyyar fita ba. Gaskiyar da ba ta dubi lokaci ba ta halaka mai ita.

Na uku shi ne aku kansa. Manufarsa da ta matarsa ɗaya ce, hanya ce ta bambanta. Bai yi wa Musa gardama ba, sai ya riƙa nuna kamar ya yarda, yana jan hankalinsa da labari har gari ya waye, kullum haka har Sarki ya dawo. Mai nazari na iya cewa wannan yaudara ce, kuma bai dace bara ya yi wa ubangidansa dabara ba. Sai dai abin dubawa shi ne, dabarar Waziri don kansa ya yi ta, ta aku kuwa don tsare ran Musa da amanar Sarki. Shi ya sa marubucin ya saka masa da sarautar Waziri a ƙarshe.

Bisa ga wannan, za a iya cewa Imam bai ɗauki ladabi a matsayin ma'aunin nagarta ba. Mugu da nagari duk suna da shi. Abin da ya raba su shi ne wanda ladabin yake yi wa aiki. Sanya darasin a bakin tsuntsu ya ƙara fito da shi fili, domin aku ba shi da asali ko rawani da zai ruɗi mai karatu, sai aikinsa kawai.