Hoton Ƙashin Baya: Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Idan ka taɓa karɓar sakamakon hoton MRI na bayanka, ka san yadda takardar take: layi-layi na Turancin likitoci, da lambobi irin su L4-L5 da L5-S1, da bayanin cewa faifai kaza ya zaizaye, kaza ya kumburo. Kafin ka kai wa likita, gabanka ya riga ya faɗi. A yau muna so mu soki wata al'ada da ke yaɗuwa a garuruwanmu, tsakanin marasa lafiya da wasu likitocin ma: da baya ya yi ciwo sai a ce "a je a yi hoto", sannan duk abin da hoton ya nuna a ɗora masa laifin ciwon.

Bari mu fara da lambobin nan. Ƙasan bayanka ƙasusuwa biyar ne a jere, L1 zuwa L5, sai S1 a ƙarƙashinsu wajen ƙugu. Tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi, kamar gammo, da ke hana su gogar juna. L4-L5 na nufin faifan da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, shi ke nan. Na ƙasan nan su suka fi ɗaukar nauyin jiki, don haka su ke fara nuna alamar shekaru.

To, shin duk faifan da ya kumburo ciwo yake sa wa? A 1994, Maureen Jensen da abokan aikinta a Amurka suka ɗauki hoton mutum 98 da ba sa ciwon baya ko kaɗan. Kashi 52 cikin ɗari an ga faifai ya kumburo, kuma kashi 36 kacal ne faifansu duka suka fito lafiya lau. A 2015 aka tattara bincike 33 na mutum 3,110, su ma lafiyayyu. An samu zaizayewar faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Wato da yawa daga abin da ke takardarka furfura ce ta ciki. Maƙwabcinka da ke dakon buhu ba ya ko kuka da baya, da za a yi masa hoto, wataƙila tasa takardar ta fi taka ban tsoro.

Akwai kuma matsalar karatun hoton kansa. A wani bincike da aka wallafa a 2017, wata mata 'yar shekara 63 ta je cibiyoyin hoto 10 a Amurka cikin mako uku. Baya ɗaya, ciwo ɗaya. Rahotannin sun lissafa abubuwa 49 daban-daban, kuma babu ko guda da ya fito a duka goman. Ka ga kenan takardar nan ra'ayin mai karanta hoto ce, kuma shi galibi bai taɓa ganinka ba, bai ji inda ke maka ciwo ba.

Za ka iya cewa, to in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. A 2009 mujallar Lancet ta buga nazarin gwaje-gwaje shida na marasa lafiya 1,804 da ba su da alamar babbar cuta. Waɗanda aka yi wa hoto nan take ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ga kuɗi mai yawa sun tafi. Ga tsoro: mutum ya ji "faifanka ya zame", sai ya bar gona, ya daina sunkuyawa, ya koma sallah a zaune, tsokokin baya su ƙara rauni, ciwon ya daɗe. Wani kuma daga nan aka fara masa maganar tiyatar da ba ya buƙata.

Kada ka ɗauka muna cewa hoto banza ne. Akwai lokacin da jinkirinsa ke jawo nakasa ta dindindin. Ka garzaya asibiti a ranar idan fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓawa, ko ƙafa tana ƙara rauni. Haka nan idan ciwon ya biyo faɗuwa ko haɗarin mota, ko ka taɓa yin kansa, ko ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin tarin fuka yana da yawa a ƙasashenmu, yana kuma iya cin ƙashin baya ko da mutum ba ya tari. Mai sikila ma ya sanar da likita tun farko.

In babu waɗannan fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 na ciwon baya ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta, kuma akasarin sabon ciwo yakan lafa cikin mako shida. Ci gaba da zirga-zirga ya fi kwanciya. Gasa wurin da ɗumi, ka yi tafiya, ka ga masu gashin ƙashi su koya maka motsa jiki. Ibuprofen ko diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma mai olsa, ciwon ƙoda ko hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. A jagorar da hukumar ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce a guji ɗamarar baya, da jan ƙashi da na'ura, da magungunan dangin tramadol, waɗanda mun san ɓarnarsu a unguwanninmu.

Ko faifan da ya ɓullo har ya danne jijiya, ciwo na sauka ƙafa, ba lallai sai wuƙa ba. Kusan biyu cikin uku jiki ke tsotse su da kansa. A wani gwaji na 2007 a Holan, cikin mutum 283, waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda sakamakon ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya. Tiyata na da gurbinta: rauni mai ƙaruwa, ko ciwon ƙafar da ya ƙi jin magani.

Don haka in an rubuta maka hoto, ka tambaya cikin ladabi: "Likita, me ake nema a ciki? In an gani, zai canza maganina?" In kuma takardar na hannunka, ka ce: "Abin nan da aka gani, ya yi daidai da inda nake jin ciwon? Sa'annina nawa ke da irinsa?" Likitan da ya saurare ka, ya duba ƙarfin ƙafarka kafin ya buɗe ambulan, shi ne ya bi hanya. Ka riƙe shi.