Makaniken da Ke Tambaya Kafin Ya Ɗauki Sifana

Daga Gidan Amumune zuwa Mayahi, har a gangara yankin Tasawa, babur ne ke ɗauke da hidimar ƙauye. Shi ke kai buhun gero da wake kasuwa, shi ke kai malamin makaranta wurin aiki, shi ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama. Hanyoyin kuwa, in an cire manya, yashi ne zalla, jigawa bayan jigawa. Baburin da ya ƙi tashi tun daga ƙofar gida da sauƙinsa, mutum ya san matsayinsa. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda ke tashi lafiya lau, ya ci tafiya, sannan ya ɗauke a tsakiyar daji. A buga ya tashi, a ɗan matsa gaba ya sake mutuwa.

Akwai makanikai a wannan yanki, a rumfar zana ko inuwar dogon yaro, waɗanda suka laƙanci wannan ciwo. Kayan aikinsu ba su cika jaka ba, kuma yawancinsu a hannun maigida suka koya, daga wankin ƙarfe. Abin da ya fi burge ni da gwaninsu shi ne ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya zaunar da mai babur tukuna.

"Baba, yaushe yake mutuwa? Da ka saki totur, ko da ka murɗa?"

"Ni dai mutuwa yake, ɗana."

"To, in ya mutu, nan take yake tashi, ko sai ya huta? A ina ka sha mai jiya?"

Mai babur kan ƙosa, yana ganin ɓata lokaci ne. Alhali rabin gyaran ke nan. Inji abu huɗu yake bukata: mai, iska, wuta, da matsi a cikin silinda. Kowanne a cikinsu idan ya gaza, yana da lokacin da yake kashe babur da kuma salonsa. Wanda ya san lokacin ya kusa sanin mai laifi.

A nan ƙasar, zargin farko kan mai yake faɗawa, kuma da dalili. Nijar na da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, amma gidan mai bai kai ƙauye ba. Mutumin ƙauye a kwalba yake saye, wurin 'yan ruwa-ruwa, waɗanda shekara da shekaru daga Najeriya mansu ke shigowa, har zuwa ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur a can, farashi ya tashi. Ba sai mai sayarwa ya yi algus ba. Man da aka juye daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, a fili, iska na kaɗawa, dole ya kwashi ƙura, da damina kuma ya kwashi ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin kofin kafireto, daidai inda inji ke zuƙa idan an murɗa totur. Shi ya sa babur zai yi ta ƙara lafiya a tsaye, da an ba shi wuta sai ya yi tari ya shaƙe. Makanike zai sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kofin, ya tara murfin kwalba, ya ɗaga wa mai babur ya gani da idonsa: ga ɗigon ruwa can ƙasa yana mirginawa, ga jan gari na tsatsar tanki kewaye da shi.

In kuwa akasin haka ne, babur na gudu amma da an saki totur sai ya mutu, hankalin makanike kan ƙaramin jikila yake komawa, wato ɗan sukurun tagulla da ke shayar da inji lokacin da yake tsaye yana aiki a hankali. Ramin cikinsa bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. A nan ake gane hannun gwani. Mai gaggawa allura yake cusawa, ramin ya buɗe, babur ya tashi, kowa ya yi murna, daga ranar kuma ya fara shan mai fiye da kima yana baƙanta buji. Gwani sili ɗaya yake zarowa daga wayar lantarki mai laushi, ya zura a hankali, ya wanke da fetur, ya hura, ya ɗaga jikilan saitin rana ya rufe ido ɗaya. Sai ya ga haske zagaye sumul kafin ya mayar. Idan bayan haka ƙarar injin na hawa da sauka ita kaɗai, sai ya lalubi robar da ta haɗa kafireto da inji, don zafin rana na tsattsaga ta, iskar da ba a gayyata ba ta riƙa shiga.

Inji na son iska kusan kashi 15 a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Da hunturu, soson da ke tace iskar nan kan toshe da ƙura har ya yi tauri, mai ya rinjayi iska, baƙin hayaƙi ya biyo salansa, babur ya riƙa nishi yana mutuwa. Wasu 'yan kabu-kabu sai su cire soson su yar, su ce babur ya samu numfashi. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, domin ƙurar da soso ya tare kai tsaye take wucewa ta cinye ringi da silinda. Wanki kawai soson ke so, a matse, a ɗan shafa masa baƙin mai. Kamfanin Honda ya fitar da babur ƙirar CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da ke da ƙura da ƙarancin kulawa da inji, ya sa masa soson da ake wankewa a mayar, kuma da yawa daga baburan Sin da suka cika kasuwannin jihar Maraɗi a kan tsarin wannan injin aka ƙera su.

Buji kuwa shi ne mai ba da shaida. Baƙi ƙirin a bushe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na ƙuna. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Makanike zai goge shi, ya daidaita bakinsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7, ya jingina shi jikin inji, ya ce wa yaro ya buga kiki. Shuɗiyar wuta mai ƙara yake nema.

Inda ilimin ya fi zurfi shi ne baburin da sai ya yi tafiya yake mutuwa, ya huta ya tashi kamar ba shi ba. Abu uku ne ke yin haka, kuma kamanninsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Na farko murfin tanki ne. Yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. Ƙura ta toshe shi, mai ya daina gangarowa. Makanike zai hau baburin da kansa har ya mutu, ya kara kunne, ya buɗe murfin. In ya ji tanki ya ja iska, fuu, magana ta ƙare, ba a sayi ko sukuru ba. Sau da yawa an sauya kafireto sabo fil a kan wannan ɗan rami. In murfi bai yi magana ba, nan take, tun injin na da zafi, zai zare buji ya gwada wuta, domin kwayil mai rauni yana aiki da sanyi ya ɗauke da zafi, kuma in aka bari ya huce shaidar ta gudu. In wuta na nan, saura bawul. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ga shi ana tafiya cikin yashi da giya ɗaya ko biyu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ƙarfe ya buɗe, ɗan sararin da aka bar wa bawul, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ya cike, bawul ya kasa rufewa, matsi ya zurare. Wannan sai inji ya huce sarai ake saita shi, kuma akwai masu jin daidai ɗinsa da ɗan yatsa.

Baburin da ke mutuwa in an faɗa gargada, waya ce ta saki ko hular buji. Sai a bar shi yana aiki a riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan bi da bi makanike yake yi, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa mai tsada, don ya san aljihun manomi, ya kuma san kayan gyara sai an aika Tasawa ko Maraɗi. Sai komai ya wanke kansa sannan yake toshe ramin buji da babban yatsa, ya ce a buga. Inji mai lafiya ture yatsan yake da ƙarfi. In ya ji iskar ta zo a sanyaye, ba ya ɓoyewa.

"Baba, ringi ne ya cinye, sai an buɗe inji. In babu hali yanzu, zan lallaɓa maka shi. Ka rage masa kaya, ka riƙa duba baƙin mai kullum da safe, ka tace fetur da ƙyalle. In Allah ya kai mu kaka ka sayar da wake, ka kawo shi mu yi aikin gaba ɗaya."