Duwatsun Shere ba shuɗi ba ne a watan Janairu

Kwanakin baya na leƙa wani baje kolin zane na matasa a nan Jos. Hannu kam akwai, masha Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk wanda ya zana duwatsun Shere sai ya dulmiya su cikin shuɗi, kamar sun haɗa baki.

Na san inda aka samo abin: darussan YouTube. Malamin yana zaune a Turai yana cewa abin da ke nesa a ƙara masa fari da shuɗi, na kusa a ba shi ja da ruwan ɗorawa. Bai yi ƙarya ba. Leonardo da Vinci ya rubuta haka sama da shekara 500 da suka wuce, domin iskar da ke tsakanin ido da dutse tana warwatsa shuɗin haske. A watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, ka tsaya a hanyar Lamingo ka ga zahiri.

To, amma da hunturu fa? Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi ba ta san wannan darasi ba. In hazo ya sauka, dutsen da ke nesa yakan koma kalar toka mai ratsin ruwan ƙasa, gindinsa ya ɓace, kansa kaɗai ke lilo a sama. Ni dai ga yadda nake kwaɓa launinsa: fari mai yawa, ɗigon ruwan ɗorawa, ɗan jan ƙasa, sai shuɗi kamar kan ashana don ya kashe kaifin sauran. Baƙi kuwa ko kusa, yana mayar da dutse gawayi. Ƙarfin launi a ajiye shi a gaba, kan jar ƙasar bakin kududdufin kuza na Rayfield, ko shingen kerana da ya kewaye gonar acca. Daga nan kowane tudu ya fi na gabansa dushewa.

Hoton waya ma ba abin yarda ba ne, don yakan ƙara wa sama shuɗin da babu shi.

Matasanmu, ku ɗauki kwali da buroshi ku fita hanyar Lamingo da sassafe, ku kwaɓa fentin a gaban duwatsun Shere. Ku tafi da rigar sanyi.